Amsa: Yadda bikin adabi na hunturu yake gudana a Second Life

Ɗan'uwa, ka tambayi ko bikin adabin da ake yi a duniyar intanet a lokacin Kirsimeti wasan kwamfuta ne kawai, da kuma abin da ake buƙata kafin a halarta.

A ganina ya wuce wasa nesa ba kusa ba. Second Life, wadda kamfanin Linden Lab na Amurka ya buɗe a 2003, duniya ce ta intanet da mazauna cikinta suke ginawa da kansu, kuma a watan Disamba masu son adabi kan gina titunan Landan na ƙarni na 19, da dusar ƙanƙara da fitilun gefen hanya, domin tunawa da marubucin Ingila Charles Dickens da littafinsa A Christmas Carol da ya fito a 1843. Abin da ya fi burge ni shi ne karatun da ake yi da murya kai tsaye, inda mai karatu yake zaune a wata ƙasa, masu sauraro kuma suna warwatse a nahiyoyi daban-daban, amma surorinsu na kwamfuta suna zagaye da shi a ɗaki guda. Ana kuma yin kiɗa da rawa cikin tufafin zamanin.

Buɗe asusu kyauta ne. Za ka sauke manhajar shiga, ka tanadi intanet mai ƙarfi da abin sauraro na kunne, sannan ka kula cewa jadawalin yana bin agogon yammacin Amurka, don haka sai ka daidaita shi da lokacin ƙasarka.