Wane ne Bajamushen da ya yi kiɗa da makaɗan dundun na Yarabawa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ci karo da wani tsohon faifai a YouTube mai suna Embryo & Yoruba Dun Dun Orchester. Na ji gangunan Yarabawa haɗe da jita da wasu kayan kiɗan Turawa, aka ce mini jagoran ƙungiyar Bajamushe ne. Wane ne shi, kuma me ya haɗa shi da kiɗan Yarabawa? Sannan ina so a gaya mini gaskiya, shin wannan ba irin cin gumin da Turawa suka saba ba ne, su kwashi kiɗanmu su sayar da sunansu? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mutumin da kake tambaya a kai sunansa Christian Burchard. An haife shi a 1946 a Hof, wani gari a arewacin jihar Bavaria, ya rasu a Munich a watan Janairun 2018. Shi ya kafa ƙungiyar Embryo a 1969 tare da mai busa Edgar Hofmann, ya kuma riƙe ta shekara arba'in da bakwai.

Da jaz ya fara. Yana saurayi ya ƙware a bibrafon, wato jerin faya-fayen ƙarfe da ake dokawa da 'yan sanduna masu taushin kai, har ya samu shiga rukunin Mal Waldron, baƙar fatan Amurka mai kaɗa fiyano wanda ya taɓa yi wa mawaƙiya Billie Holiday kiɗa kafin ya koma Munich da zama. Jaz kiɗa ne da ba a gama shirya shi a gida. Ana hawa dandali da 'yar karin waƙa, sauran kuma sai abin da kunne ya ba ka a take: ka ji abin da na kusa da kai ya buga, ka mayar masa. A ganina duk abin da Burchard ya yi daga baya a nan ya samo shi.

Sa'o'insa kuwa yara ne da aka haifa a kan ɓaraguzan Yaƙin Duniya na Biyu. Sun tashi ba sa son waƙoƙin soyayya masu zaƙi da iyayensu ke ji a rediyo, don suna ganin hanya ce ta kau da kai daga abin da ya faru a zamanin Hitler. Ba su kuma so su zama masu kwaikwayon Amurka da Ingila kawai. Daga wannan ƙunci aka samu ƙungiyoyi irin su Can a Kolon, Kraftwerk a Düsseldorf, Tangerine Dream a Berlin da Amon Düül a Munich, waɗanda 'yan jaridar Ingila suka haɗa wa suna krautrock. Wasunsu sun nemi mafita a na'urorin lantarki. Burchard ya neme ta a kan titi.

Faifansu na farko ya fito a 1970. A 1972 Cibiyar Goethe, mai yaɗa al'adun Jamus a ƙetare, ta tura su rangadi Arewacin Afirka, a shekarar kuma aka hana su wasa a Sifaniya saboda wata waƙa da suka yi ta sukar Janar Franco, mai mulkin ƙasar a lokacin. Abin da suka ji a Maroko ya girgiza su, kuma dalilin na fasaha ne. Fiyano da yawancin kayan kiɗan Turai sun raba tsanin sauti gida goma sha biyu, alhali makaɗan Larabawa da Turkawa da Farisawa suna amfani da sautukan da ke tsakanin waɗannan gidajen. Wanda aka rena da fiyano zai ɗauka kuskure ake yi, har sai kunnensa ya buɗe. Wannan ne ya sa mai jitarsu Roman Bunka ya rungumi ud, molon Larabawa marar gaɓoɓi a wuya, ya daɗe yana aiki da mawaƙin Masar Mohamed Mounir. Shi kuma Burchard ya koyi santur, akwatin tsirkiyoyi na Farisa da ake dokawa da 'yan sanduna.

Babbar tafiyarsu ita ce ta 1978 zuwa 1979. Suka loda kayan kiɗa da na ɗaukar sauti a manyan motoci, da iyalai da masu ɗaukar fim, suka bi ƙasa ta Turkiyya, Iran, Afganistan da Pakistan har Indiya. Ka duba lokacin: Iran na tafasa da juyin juya halin da ya kori Shah, sarkin ƙasar, a Janairun 1979, Afganistan ta ga juyin mulki a Afrilun 1978, kuma sojojin Tarayyar Sobiyet sun shiga ƙasar a Disamban 1979. Bayan su hanyar ta rufe. Duk inda suka yada zango sai su nemi makaɗan wurin su zauna da su. A Bangalore suka shiga makarantar kiɗa ta Karnataka College of Percussion, wajen T.A.S. Mani da mawaƙiya R.A. Ramamani, inda ɗalibi ke fara furta bugun ganga da baki yana ƙirga da tafi da yatsu kafin a bar shi ya taɓa fata. Tafiyar ta haifi faifan Embryo's Reise da fim ɗin Werner Penzel mai suna Vagabunden Karawane. Idan ka kalli fim ɗin za ka ga mutanen da suka yi suna a ƙasarsu zaune a tabarma kamar almajiran da suka tafi gabas neman karatu, ana gyara musu kuskure suna sakewa.

Yanzu ga faifan da ka ji. Ya fito a 1985, kuma jigonsa ta ɓangaren Najeriya shi ne Muraina Oyelami, ɗan Iragbiji da ke jihar Osun ta yanzu. Mai zane ne daga makarantar zane ta Osogbo, makaɗi kuma wanda ya yi aiki a ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Duro Ladipo. Ya saba da Jamus ta hanyar Iwalewa-Haus, gidan fasahar Afirka da Ulli Beier ya buɗe a Jami'ar Bayreuth a 1981. Embryo ma sun zo Najeriya a tsakiyar shekarun 1980. Dundun ɗan'uwan kalangu ne: ganga mai tsukakken ƙugu, fata biyu, da tsirkiyoyin da ake matsawa a sassauta don sauti ya hau ko ya sauka. Yarabanci na da karin sauti uku, na sama da na tsakiya da na ƙasa, don haka babbar gangar da suke kira iya ilu magana take yi, tana kirari tana karin magana, kamar yadda Bahaushe ke gane zancen kalangu. Wahalar haɗa ta da jita da bas, wato jita mai kaurin sauti, ke nan. In mai bas ya danne wurin da sautinta ke yawo, ya toshe mata baki. Ka sake saurara, za ka ji Jamusawan na ja da baya suna bar wa gangunan fili, kuma wannan ladabin shi na fi daraja wa faifan.

To, batun cin gumi. Zarginka na da tushe, kuma ban so ka yar da shi. An sha naɗar muryoyin mutanen Afirka da Asiya a sa a faifai babu suna babu ko kwabo. Ko a cikin sa'o'in Burchard, Holger Czukay na ƙungiyar Can, gwani ne na gaske, amma salonsa shi ne kamo muryoyi daga rediyo mai gajeren zango da tsofaffin faya-fayai ya ɗinka su cikin kiɗansa, masu muryar ba su san ana yi ba. Ni dai abu uku nake dubawa: an je an zauna da masu abin, an rubuta sunansu, kuma sun hau dandali tare? Burchard ya cika ukun. Sunan makaɗan Yarabawa na nan a goshin faifan daidai da na Embryo. Ba kuma wani katafaren kamfani ne ya fitar da shi ba, Schneeball ne, wanda Embryo da wasu ƙungiyoyi irin su Ton Steine Scherben suka kafa a 1976 don su riƙe ayyukansu a hannunsu. Tambarin kasuwa na "kiɗan duniya" sai a 1987 masu kamfanonin faifai suka amince da shi a wani taro a Landan, lokacin Embryo sun yi shekara goma sha biyar a wannan hanya.

Duk da haka ba a tsaye suke a kan tudu ɗaya ba. Bajamushe ya tuƙa mota har Kabul da fasfonsa, makaɗin Osun kuwa sai an aiko masa takardar gayyata kafin a ba shi biza. Littattafan tarihin kiɗa na Turai sun san Burchard fiye da yadda suka san malaman da suka koyar da shi. Wannan giɓi ya fi ƙarfin mutum ɗaya, amma yana nan, kuma yana ci mini rai. Sannan ba duk faya-fayansu ne suka yi armashi ba. Da yawa an naɗe su ne a wajen wasa, wani lokaci haɗin ya kama, wani lokaci kowa ya bi tasa hanya.

Makaɗa sama da 400 ne suka ratsa ta Embryo, ciki har da Charlie Mariano na Amurka da Trilok Gurtu na Indiya. A 2008 aka ba ƙungiyar kyautar Ruth a bikin kiɗa na Rudolstadt. Burchard ya samu shanyewar ɓarin jiki a 2016, sai 'yarsa Marja, wadda ita ma bibrafon take kaɗawa, ta karɓi ragamar. A 2021 ta fitar da faifan Auf Auf a kamfanin Madlib, mai haɗa kiɗan hip-hop na Amurka wanda ya daɗe yana ƙaunar Embryo.