Sulhu ya gagara bayan saki: me zan nema a kotu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mijina ya cike mini saki na uku wata biyu da suka wuce, muna da 'ya'ya uku a nan Kano. Iyaye sun zauna, Hisbah ma ta kira shi, ya yi alkawari ya karya. Ya daina ba yara kuɗin abinci, ya riƙe kayan ɗakina, kuma akwai kuɗin adashena da na zuba a ginin gidansa. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya kawo sauƙi. Hisbah sulhu take yi, ba ta da ikon tilasta masa ya biya, don haka abin da ya rage shi ne Kotun Shari'ar Musulunci ta yankinku. Kada ki ƙara jinkiri. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, ciyarwar 'ya'ya da lokacinta ya wuce tana faɗuwa daga kan uba, sai in alƙali ya riga ya yanka ta, ko kuma wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar a biya shi, ya kuma rantse a kan haka. Duk watan da kika ƙara kina jiran ya sauko, haƙƙin yaran ne ke zurarewa.

In kin je wajen rijistara, ki rarrabe da'awarki, kowace da adadinta. Mata da yawa suna faɗuwa ne saboda sun shiga da "a karɓar mini haƙƙina" kawai, alhali alƙali ba ya hukunci a kan abin da ba a fayyace ba.

A kan yara, ki lissafa abinci, sutura, magani, makaranta da masauki na wata guda. Alƙali zai auna da ƙarfin uban, saboda haka ki kawo abin da ke nuna samunsa: albashi, shago, gidan haya. Renonsu naki ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin miji. In kika auri wanda ba muharraminsu ba, reno ya koma ga mahaifiyarki, ciyarwa kuwa tana nan a wuyan uba. Idan akwai na goye, kina da ladan shayarwa, kamar yadda aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta faɗa.

Ke kanki, tunda saki uku ne, masauki kawai gare ki har idda ta cika, sai dai in kina da juna biyu, to ciyarwa ta hau kansa har ki haihu. Ragowar sadaki, in akwai, bashi ne.

Kayan da iyayenki suka yi miki naki ne. In an yi jayayya babu shaida, abin da aka san na mata ne a al'ada ana ba mace bayan ta rantse.

Kuɗin gini shi ne mai wuya. Shari'a ba ta raba dukiyar miji gida biyu don an rabu, abin da kika tabbatar naki ne shi za ki samu. Ki fara tsayar da magana ɗaya: rance kika ba shi ko tarayya kuka yi? Mai sauya baki tsakanin biyun tana raunana kanta, shi kuma kusan kullum zai ce kyauta ce. Ki nemo bayanan tura kuɗi daga banki, rasiɗin bulo da siminti, saƙonnin waya, uwar adashe da magini. A sha'anin dukiya ana karɓar maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwarki. In babu ko ɗaya, shi za a ba rantsuwa, in ya rantse, magana ta ƙare.

Bayan hukunci ki karɓi kwafinsa, ki roƙi a riƙa biya ta hannun kotu ko ta banki don a sami shaida. In ya ƙi biya, kotun za ki koma ki nemi a zartar. In hukuncin bai gamsar da ke ba, ki ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Shari'a cikin kwana 30. Idan kuɗin lauya ya gagara, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Tallafin Shari'a ta Ƙasa suna taimaka wa marasa ƙarfi kyauta.