Tambaya da amsa: Mai awon hatsi zai iya zaman tsarki?

Tambaya: Salama pasto, ina gaisuwa. Ni saurayi ne ɗan shekara 24, ina zaune Ali Ɗan Sofo nan Maradi, bara waccan aka yi mini baftisma. Ina awon hatsi a mangazar kawuna, gero da dawa da wake. Damuwata tiya biyu gare mu, babba ta saye in mutanen ƙauye sun kawo, ƙarama ta saidawa, kuma in mai saye ya tambayi nawa muka sayo sai kawu ya ce in ƙara kuɗin har da rantsuwa. Shi ma ɗan majami'a ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar babana, shi ya biya mini lakol. Ran Lahadi an yi wa'azin zaman tsarki, na kwana ban yi barci ba. Wani ɗan'uwa a zumuntar matasa ya ce kasuwa ba wurin tsarki ba ce in bari kawai, wai har kallon ƙwallo da sa wandon jins in daina. Pasto in bar kasuwa ne?

Amsa: Salamar Ubangiji ta kasance tare da kai ɗana. A'a, kar ka bar kasuwa. Tiya biyun nan za ka bari, da rantsuwar. Rashin barcin da ka yi kuma ni ya faranta mini rai, domin zuciyar da ta mutu ba ta hana mai ita barci, Ruhu Mai Tsarki ne yake taɓa ka kuma ina roƙonka kar ka danne shi.

Ka ɗauko Littafi Mai Tsarki ka buɗe Littafin Firistoci sura 19, ka karanta ta duka kar ka tsaya a aya 2. A aya 2 ne Allah ya ce wa Isra'ilawa su zama tsarkaka gama shi mai tsarki ne, kuma ita ce maganar da manzo Bitrus ya ɗauko ya ɗora mana a 1 Bitrus 1:15-16, ya ce cikin dukan al'amuranmu. Toh ka duba abin da ya biyo baya cikin surar, in ka yi girbi kar ka kwashe gonarka kakaf ka bar wa matalauci da baƙo kala, kar kuɗin ɗan ƙwadago ya kwana hannunka, kar ka zagi kurma ko ka sa wa makaho abin tuntuɓe, kar ka yi yawon tsegumi, ka tashi wa mai furfura, ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka, sannan a aya 35 da 36 ya zo kan sana'arka kai tsaye, ya ce kar a yi zamba wajen awo, ma'auni ya zama na gaskiya mudu ya zama na gaskiya. Kaga kenan Allah da kansa ya sa awo cikin darasin tsarki tun zamanin Musa. Maimaitawar Shari'a 25:13-16 kuwa kamar mangazarku ake nufi, an ce kar ka ajiye mudu iri biyu a gidanka, babba da ƙarami, kuma mai yin haka abin ƙyama ne ga Ubangiji. Kalma ce mai nauyi, ba ni da ikon sassauta maka ita.

Ina so ka kalli wadda ake yi wa abin. Tsohuwa ta taso daga wani ƙauye ta wajen Madarunfa ko Safo tun asuba, geronta ɗaure a tsohon zane bisa amalanke, ita ta sussuka ita ta sheƙe, ta ƙirga a gida da tiyarta ta san abin da ta ɗauko, so take ta sai wa jikanta magani. Ta zo ta durƙusa gabanka ka tsoma babbar tiya ka cika ta yi tozo har ka tare da hannu, tana kallo tana ƙirgawa a ranta lissafi bai kai ba, ta ce ɗana a gida ya fi haka, ka ce iya tiyarki ce ƙarama. Ta yi shiru ta karɓi kuɗin ta ƙulle a bakin zane. Kai ka fi ni sani tiya wajen kilo 2 da rabi ce, 40 ke cika buhu, in kowace ta ci tafi guda a saye ta kuma rage tafi guda a saidawa ka lissafa na buhu ɗaya, ka lissafa na kaka guda. Annabi Amos ya yi kuka da irin wannan a sura 8, masu ƙosawa Asabar ta wuce su buɗe hatsi, su rage mudu su ƙara kuɗi har dusa su haɗa su sayar. Mutanen ibada ne fa, suna kiyaye ranar hutu, amma Allah ya ce ba zai manta da ayyukansu ba.

Shi ɗan'uwan da ya ce ka bari, na san da kyakkyawar niyya ya faɗa amma bai yi daidai ba. Lokacin da masu karɓar haraji da sojoji suka zo wurin Yahaya Maibaftisma suna tambaya me za mu yi, a Luka 3, bai ce kowa ya ajiye aiki ba, masu haraji ya ce kar su karɓi fiye da abin da aka yanka, sojoji kar su yi ƙwace su ƙoshi da albashinsu. Lidiya, mai bi ta zamanin manzanni, ƴar kasuwa ce mai saida tufafin shunayya, Bulus ɗinkin tanti yake yi ya ci abinci. Ubangiji Yesu da kansa a addu'arsa ta Yahaya 17:15 ya ce ba ya roƙo a ɗauke mu daga duniya, sai dai a tsare mu daga Mugun. Shi da ya fi kowa tsarki hannu ya miƙa ya taɓa kuturu, kuma irin wannan zuciya ce ta sa masu bishara na ƙungiyar mishan ta SIM suka buɗe asibitin kutare a Danja a 1956, nan bakin hanyar Ɗan Isa, lokacin da kowa gudun kuturu yake. In duk mai tsoron Allah ya gudu daga kasuwar hatsi, wa zai auna wa tsohuwar nan da gaskiya?

Zancen jins da ƙwallo ba zan daɗe kansa ba. Ka sa sutura ta mutunci, in kallon ƙwallo yana jan ka caca ko zagi ko yana hana ka sujada ka rage, shi kenan. Markus 7:21-23 ya lissafa abubuwan da ke ƙazantar da mutum, duk daga zuciya suke fitowa, kuma sata da kwaɗayi da ha'inci suna ciki. Abin da ke damuna da mu shi ne mun iya sa ido kan ɗankwalin ƴan mata da askin samari, amma dattijo ya shekara da tiya biyu ba mai ce masa uffan don yana ba da baiko mai kauri.

Rantsuwa kuwa Matiyu 5:34-37 ya gama magana, i ɗinka ya zama i, a'a ya zama a'a. Ciniki da tayi da albarka duk halal ne, riba ma halal ce, kuma ba dole ba ne ka faɗa wa kowa nawa ka sayo. Ka ce kuɗinsa kenan, ƙasa da haka ba zai fitar da ni ba. Amma in ka buɗe baki ka ce jika kaza na sayo alhali ba haka ba ne ka yi ƙarya, in ka haɗa da sunan Allah ka ƙara laifi kan laifi. Tunda muna kan hatsi bari in ƙara da abin da ba ka tambaya ba, ajiya. Saye da kaka a saida da damina ba zunubi ba ne, Yusufu ma ya tara hatsi a Masar ya ceci rayuka. Sai dai duk wanda ya ga 2005 a jihar nan ya san abin da ya faru, hatsi na kasuwa amma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka, uwaye suna layi da yara a wuraren ba da abinci. Karin Magana 11:26 ta ce mai ɓoye hatsi jama'a za su la'ance shi, albarka na kan wanda ya fito da shi ya sayar. Ka riƙe wannan don ranar da za ka buɗe taka mangaza.

Kar ka ɗauka da gyaran tiya za ka sayi ceto. An riga an saye ka da jinin Almasihu, ta wurin alheri aka cece ka, kuma alherin nan shi ne Titus 2:11-12 ya ce yana koya mana mu ƙi rashin tsoron Allah mu yi zaman kamunkai da adalci a wannan zamani. Mu Hausawa mukan ce hali zanen dutse, amma Allah ya yi alkawari a Ezekiyel 36:26 zai cire zuciyar dutse ya ba da ta nama, don haka hannun da ya saba da tauyewa zai iya sabawa da cikawa. Ranar da ka zame, kuma za a yi irin ranar, ka furta a gaban Ubangiji bisa 1 Yahaya 1:9 ka tashi ka ci gaba, kar kunya ta hana ka zuwa majami'a.

Saura kawu, nan ne wuyar take na sani. Mutumin da ya riƙe maraya ya sa shi lakol ya cancanci girma, Bulus ma ya ce wa Timoti kar ya tsauta wa dattijo sai dai ya roƙe shi kamar uba. Kar ka yi masa magana a mangaza gaban ƴan dako da masu saye, kar kuma ka kai zancen zumuntar matasa ko ka watsa a WhatsApp. Ka yi addu'a kwana biyu, ka same shi gida da dare bayan an ci tuwo, ka durƙusa ka fara da godiya, sannan ka ce kawu zuciyata ta kasa ɗaukar awo da tiya biyu, ka yarda mini in riƙa aiki da guda ɗaya, in riba ta ragu a cire daga nawa. Kar ka ce masa ɓarawo, kanka za ka yi magana a kai. Mai yiwuwa shi ma abin ya daɗe yana cin sa, haka ya tarar ana yi. In ya ƙi ji sai ka bi Matiyu 18:15-16, ka nemi dattijo ɗaya na ikilisiya mai riƙon asiri wanda kawu ke jin nauyinsa ku koma tare.

Ba zan yi maka alkawarin cewa ciniki zai ƙaru nan take ba, zai iya raguwa, kawu ma zai iya fushi ya ce ka bar masa wuri. In ta kai ga haka toh Allah ya fi cancanta a yi wa biyayya, ka fita da ladabi ba zagi ba gaba, ka ci gaba da zuwa gaishe shi, ita kuma ikilisiya haƙƙinta ne ta tsaya maka da ɗan jari ko adashi ko ta nema maka wani uban gida, kar mu yi wa yaro wa'azin tsarki sannan mu bar shi da yunwa. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san wannan hukunci sarai, akwai sura guda a Alƙur'ani kan masu tauye mudu, don haka in sun ga Kirista da tiya biyu sun san ya saɓa, kuma sunan Almasihu ne ke shan zargi.

Abin da ya wuce, waɗanda ka sani cikin masu kawo muku hatsi ka mayar musu daga aljihunka gwargwadon ƙarfinka kamar yadda Zakka ya yi a Luka 19, ko da kaɗan-kaɗan ne, waɗanda ba za ka iya ganowa ba ka riƙa sa gyara mai kyau ga talakawan da ke sayen tiya ɗaya ko rabi, da kuɗinka ba da hatsin kawu ba. In kun yi maganar ka sake rubuto mini yadda kuka ƙare, ina yi muku addu'a kai da shi.