Tseren Awa 24 a Kwamfuta: Idan Wuta Ta Ɗauke, Wa Zai Karɓi Sitiyari?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu huɗu ne abokai, muna tseren mota a iRacing, wasan tseren mota na kwamfuta da ake yi ta intanet, kowa da sitiyarinsa a ɗaki. Biyu muna Kaduna, ɗaya yana karatu a Malesiya, ɗaya kuma yana Ingila. Muna son shiga tseren awa 24 na Daytona. Yaya ake raba mota ɗaya tsakanin mutanen da ba gari ɗaya suke ba? Wanda ya fi mu gudu ya ce a bar masa yawancin tuƙin, ko hakan daidai ne? Sannan idan aka ɗauke wuta ina tsakiyar tuƙi, shi ke nan mun fita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Raba motar shi ne mafi sauƙi a cikin tambayoyinka. Za ku yi rajista a matsayin ƙungiya ɗaya, mota ɗaya, lamba ɗaya. Mai tuƙi zai shigo wurin shan mai ya tsaya, ya fita daga motar, wanda ke jira daga nasa ɗakin ya danna ya shiga, ana zuba mai ana canza taya. Tankin motar GT3, wato ɗaya daga cikin ajin motocin wannan tsere, yana kai kusan awa ɗaya, saboda haka ku sa ran tsayawa ashirin da ɗoriya kafin a gama. Akwai kuma dokar rabon tuƙi: kowane direba sai ya yi aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na kason da zai samu da an raba daidai. Misali, idan motar ta yi zagaye 800 kuna ku huɗu, kason kowa 200 ne, don haka babu wanda zai yi ƙasa da 50, in ba haka ba ƙungiyar ce za ta sha hukunci.

Ka ga ke nan doka ba ta hana abokinku ya kwashe tuƙin ba. Ni ne dai zan hana shi.

Bari mu yi lissafi. Hanyar Daytona ta wannan tsere kilomita 5.7 ce, motar GT3 tana zagaye ta cikin wajen minti ɗaya da daƙiƙa 45. A ce gwanin naku ya fi kowa da rabin daƙiƙa a kowane zagaye. A tanki guda, zagaye talatin da 'yan kai, ribarsa ba ta wuce daƙiƙa 17 ba. To ya kai awa ta biyar a kujera, ido ya yi nauyi, ƙafa ta makara a birki, ya sumbaci katanga a kwanar nan da ake kira Bus Stop. Janyo motar da gyaranta za su iya cinye minti goma ko fiye. Duk ribar da ya tara tun safe ta tafi, har da uwar kuɗi. Ga kuma makin laifi da iRacing ke ƙirgawa: fita daga kwalta 1, juyewar mota ko bugun katanga 2, karo da wata mota 4. Idan suka taru suka kai adadin da aka yanka wa tseren, sai a sa ku bi ta layin shan mai a hankali a matsayin horo. Makin na motar ne baki ɗaya, wanda wani ya ɗebo da dare kai za ka biya da safe.

Kada kuma ku manta Daytona tseren ajin motoci daban-daban ne. Manyan motocin ajin GTP, waɗanda suka fi GT3 gudu, za su riƙa cim muku suna wucewa dare da rana, kuma yawancin haɗurran da nake gani a nan suke faruwa. Riƙe layinka, kada ka yi wa na bayanka karamcin ba-zata ta hanyar kaucewa a tsakiyar kwana. Shi ya san inda zai bi.

Shawarata, tanki biyu a jere ga kowa, sannan ya sauka ya huta. Kuma kuna da arzikin da ba ku lura da shi ba. Malesiya tana gaban Najeriya da awa 7, wato ƙarfe biyun dare a Kaduna ƙarfe tara na safe ne a wurin ɗalibinku, ya yi barcinsa ya karya kumallo. Ku ba shi tsakar daren nan. Na Ingila kuwa a watan Janairu, lokacin da ake wannan tsere, awa ɗaya yake bayanku, ba zai rage muku dare ba sosai. Ku rubuta jadawalin da agogo ɗaya tak, ku sa lokutan salla a ciki tun farko, kada Asuba ta riski mutum da sauran zagaye ashirin a tanki.

Yanzu maganar wuta. Idan kwamfutarka ta mutu ko intanet ya yanke, ba a kore ku daga tseren ba. Ana mayar da motar wurin shan mai, a jira lokacin janyowa ya cika, sannan duk wanda ke cikin zaman zai iya shiga ya ci gaba. Asarar mintuna ce, muddin akwai wanda ke zaune. Mun taɓa yin wani tsere inda layin direbanmu ya yanke wajen ƙarfe uku na dare. Wanda ya kamata ya jira ya ce bari ya ɗan kishingiɗa, wayarsa kuma tana caji a falo. Muna kallon motarmu a allo, a tsaye, lafiyarta ƙalau, lambar matsayinmu tana sauka ɗaya bayan ɗaya, ana ta kiran waya tana ƙara ita kaɗai. Da ya farka ya shiga, ko takalmi babu, zagaye tara sun wuce. Tun daga ranar dokarmu ita ce mutum biyu a farke kullum: ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana kan Discord, manhajar da muke magana da juna, da sitiyarinsa a haɗe, yana duba mai, yana faɗa masa abin da ke tafe a baya.

Abin ba na ƙananan ƙungiyoyi kaɗai ba ne. A Janairun 2023, a tseren Le Mans na kwamfuta da aka yi a rFactor 2, wani wasa irin iRacing, Max Verstappen, zakaran tseren motar gaske na Formula 1, yana kan gaba da motar ƙungiyarsa Team Redline aka yanke shi daga tseren, bayan an riga an tsayar da gasar har sau biyu saboda matsalar saba, wato babbar kwamfutar da ke haɗa 'yan tseren. Ya fusata ya ajiye. Shi ɗin ne kuma a Mayun 2024 ya ci tseren awa 24 na Nürburgring a iRacing tare da abokansa, a ƙarshen makon da ya lashe gasar Formula 1 ta Imola a Italiya. Ya yi nasa kason, ya bar musu sauran, ya je ya hau motar gaske.

Ku biyun Kaduna, kada ku dogara da janareto shi kaɗai, domin kafin a ja igiya kwamfuta ta riga ta mutu. A ɗora kwamfuta, allo, sitiyari da na'urar intanet duka a kan inbata ko UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke, a haɗa intanet da kebul maimakon Wi-Fi, a ajiye layin wani kamfanin daban a waya. Idan unguwa ɗaya kuke, kada ɗayanku ya zama mai jiran ɗaya, don wutar da ta ɗauke maka ta ɗauke masa. Kafin Janairu ku shiga tseren awa uku ko shida tukuna, sannan a zaman gwaji wani ya zare kebul ɗinsa da gangan, ku duba agogo ku ga minti nawa zai ɗauka kafin motar ta koma kan hanya.