Amsa: Koren malam-buɗe-littafin da ke zuwa wajen fitila da dare

Wa'alaikis salam, 'yar'uwa. Kin tambaya ko ƙaton koren ƙwaron da ya sauka kusa da fitilarki a Barnawa yana cizo. Kwantar da hankalinki, ba ya cizo, ba ya harbi. Yadda kika kwatanta shi, malam-buɗe-littafin dare ne da masana ke kira Daphnis nerii. Fikafikansa a buɗe sukan kai santimita 10, kore mai zane kamar kakin soja, da ratsin ruwan hoda.

Bayan magariba yake fita. Na taɓa tsayawa ina kallon wani a lambunmu da damina, yana shawagi gaban fure bai sauka ba, ya zura dogon bakinsa yana zuƙar zaƙi. Tabarakallah! Da rana kuwa sai ya lafe cikin ganye.

Duba bishiyar oliyanda, wata shukar ado mai furanni da ake dasawa a gidaje, idan kuna da ita, a kanta yake ƙwai. Tsutsarsa koriya ce, da ɗigo biyu shuɗaye kamar idanu. Idan ta ƙoshi sai ta gangara ƙasa ta shige busassun ganye, a nan take rikiɗa.

Don Allah kar ki fesa masa magani. Ganyen oliyandar ne ke da guba, shi za ki nisanta da yara.