Amsar tambayarka kan jita

Ɗana, saƙonka ya iso, ina fatan kana lafiya, kai da mahaifiyarka da ƙannenka. Ka ce ka sayi jita kana koyo, babanka ya ɓata rai, ya ce kayan Turawa ne kuma kiɗa ba gadon gidanku ba ne. Wani abokinka kuma ya ce daga gurminmu aka samo ta. Kana so ka san mai gaskiya.

Abokin naka ya kusa, amma bai kai ba. Jita ba 'yar gurmi ba ce, dangi ne na nesa. Ɗaura tsirkiya a kan ƙoƙo mai dogon wuya tsohuwar dabara ce, mutanen Iraƙi da Masar na dā sun san ta. A gidan tarihi na Alƙahira akwai wani abin kiɗa mai tsirkiya uku da fata a fuskarsa, ya kai shekara 3,500, an same shi a kabarin wani mawaƙi mai suna Har-Mose. Da za ka gan shi, molo zai faɗo maka a rai.

Jita kuwa a Sifaniya ta yi wayo. Musulmi sun shiga Andalus a 711, suka zo da ud, abin kiɗan Larabawa mai ƙaton ciki. A 822 wani gwani, Ziryab, wanda ya yi karatun kiɗa a Bagadaza, ya sauka a Kurɗuba, shi ne aka ce ya ƙara wa ud tsirkiya ta biyar. A wannan ƙasa da Musulmi da Kirista da Yahudawa suke cuɗanya, jita ta taso kusa da ud. Ko sunanta ɗan tafiya ne: Girkawa na da kitara, Larabawa na cewa ƙisara, Sifaniyawa suka ce gitarra, mu muka ce jita. Tsirkiyoyinta biyu-biyu ake ɗaurawa, jeri huɗu a ƙarni na 16, jeri biyar a na 17, sai a ƙarshen ƙarni na 18 masu sassaƙa a Italiya suka yi ta da shida ɗai-ɗai. Dukansu da hanjin tumaki ake murza su, ban da masu kaurin da ake naɗe wa waya.

Wanda nake so ka riƙe sunansa shi ne Antonio de Torres, kafinta ne mutumin Almeriya ta Sifaniya, an haife shi a 1817, ya rasu a 1892. Shi ya faɗaɗa cikin jita, ya fafe katakon fuskarta ya yi siriri, ya tokare shi daga ciki da ƙananan itatuwa a jere kamar mafici. Ya ce muryar jita a fuskarta take. Don ya tabbatar, a 1862 ya ƙera wata wadda bayanta da gefenta na kwali ne, fuskar kaɗai ce katako mai kyau, kuma ta yi amo. Duk mai ɗaura garaya zai gane maganarsa, domin shi ma ya san idan fata ba ta ja daidai ba, ko ƙwaryar ta zinariya ce aikin banza ne. Da jitar Torres wani makaɗi, Francisco Tarrega, ya yi suna, kuma ka san kiɗansa ba ka sani ba: ƙarar nan ta tsohuwar wayar Nokia, daga wani kiɗa nasa na 1902 aka yanko ta.

Amurka ta ƙara mata ƙarfi. Aka sa mata wayar ƙarfe, a 1932 aka fara sayar da mai aiki da lantarki, a 1950 Leo Fender ya fito da mai jikin katako ba rami. Af, idan abokinka yana neman abin da ya fito daga wajenmu da gaske, banjo ne; bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma su suka ƙera shi da ƙwarya da fata a can.

Ta teku ta iso mana. Ma'aikatan jirgin ruwa 'yan ƙabilar Kru na Laberiya suka yaɗa kaɗa ta a garuruwan gaɓa, ta shiga kiɗan hailaif a Ghana da kiɗan juju a Legas. Ali Farka Toure na Mali da abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya ya fara, sannan ya juye salon garinsu a kan jita. Yau samarin Buzaye a Agadas da ita suke raya biki, ba wanda ke ce musu baƙuwa ce.

Amma kada ka raina maganar babanka, tana da tushe. A wurinmu kowane kiɗa da mai shi: kalangu na mahauta, garaya ta maharba, ganga ta manoma, kakaki da algaita na fada. Makaɗi a gidansu yake gado, kuma yana da ubangidan da yake wa kiɗa. Jita ta zo ba ta da gida ba ta da ubangida, kuma mutanen zamaninmu a otal da wuraren shaye-shaye suka fara ganinta. Abin da yake tsoro ke nan, inda za ta kai ka da waɗanda za ka zauna da su, ba katako da waya ba.

Saboda haka kada ka je masa da tarihin Andalus kana neman kayar da shi. Ka bari ya ga sallarka da karatunka ba su ragu ba, kada ka kaɗa ta yana gida sai ya yarda. Ka saurari kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, ka ji abin da mutum ya faɗa wa duniya da tsirkiya ɗaya tak, kai da ke da shida. Idan za ka zo hutun Sallah ka taho da ita. Akwai wani dattijo mai gurmi a unguwarmu, zan kai ka ka gaishe shi, ni kuma zan yi magana da babanka da kaina. Ka gaida mutanen gida.