Laftof mara nauyi zata iya haɗa kiɗa?

Tambaya: Salam Yaya, ni ɗan Nima ne nan Accra, ina koyon haɗa kiɗa da manhajar FL Studio. Naga wata laftof siririya a Circle, inda ake sayar da wayoyi da kwamfutoci, shin zata ɗauki aikin ko sai babba?

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanina. Nauyi ba shine ƙarfi ba, cikinta zaka duba. In kaga firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) mai rauni irin Celeron da RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) 4GB wallahi ka barta, fulogin (ƙananan manhajojin sauti da ake ƙarawa) kaɗan zaka ɗora sauti ya fara kakarewa. Nemi firosesa Core i5 ko Ryzen 5, RAM 8GB zai fara maka amma 16GB yafi kwanciyar hankali, kuma lallai SSD (ma'ajiyar fayil mai sauri). Abinda ke damuna da siraran nan zafi ne, in ta ɗau zafi firosesa na rage gudu da kanta, ga zafin Accra, kuma yawancinsu RAM ɗin a manne yake baka iya ƙarawa, don haka tambayi mai shago tun kafin ka biya. MacBook Air M1 ta 2020 ko fanka bata da shi amma tana jan aikin sosai, batirinta ma zai riƙeka in dumso (ɗauke wutar lantarki) ya zo. Tafi da aikinka a filash, ka buɗe a shagon ka saurara da kunnenka.